An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gyaran Sabis A Tanis Daga Hannun Hagu Yake Farawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ara mini fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani ɓangare na wasan tanis da rahotannin wasanni ke tsallakewa. Duk sanda aka kawo labarin sabis, wato bugun da ake buɗe kowane maki da shi, gudun ƙwallo kawai ake ambata. A ce Sam Groth ya buga mai gudun kilomita 263 a awa a Busan a 2012, ko John Isner ya yi 253 a gasar kofin Davis ta 2016. Gaskiya ne, amma yaranmu na Jidda da Makka da Riyad suna karantawa, sai su tafi fili su yi ta maka wa ƙwallo raket da iya ƙarfinsu, rabi ta faɗa raga, rabi ta wuce layi. Daga nan a ce zaren raket ne ya saki, ko a ce kafaɗa ce ba ƙarfi. Alhali in ka tsaya a bayan yaron ka zuba ido, za ka ga a cikin sabis goma bai cilla ƙwallo wuri ɗaya sau biyu ba. Hannun da ke riƙe da raket yana bin ƙwallon ne duk inda ɗaya hannun ya aika ta.

Maganar ta zo a kan gaɓa, domin tanis ya shigo ƙasar nan da ƙarfinsa. A 2023 aka fara kawo gasar matasan maza ta Next Gen Jidda, a 2024 kuma Riyad ta karɓi gasar ƙarshen shekara ta mata, wadda Coco Gauff ta ci, sannan Elena Rybakina ta ci ta 2025 bayan ta doke Aryna Sabalenka. Ga kuma wani abu da ya shafi samarinmu: da yawansu daga wasan fadel suke shigowa, wani ɗan'uwan tanis da ake yi a ƙaramin fili mai bango, wanda filayensa suka cika gari. A fadel ana buga sabis ne daga ƙasa, bayan ƙwallo ta daki ƙasa, kuma ba a wuce tsayin ƙugu. Don haka za ka sami saurayi mai kyakkyawan ido da saurin ƙafa, amma hannunsa na hagu bai taɓa koyon ajiye ƙwallo a sama ba. Duk bayanin da zan yi na mai bugu da dama ne. Bahago sai ya juya komai.

Bari a fara da awon fili, don a ga yadda ƙofar take da ƙunci. Daga layin baya zuwa raga mita 11.89 ne, daga raga zuwa layin sabis mita 6.40, tsayin raga a tsakiya santimita 91.4, a wajen sanduna kuma 107. In ka ɗaure igiya a layin sabis, ka ɗora ta a kan tsakiyar raga, ka ja ta miƙe har layin baya, za ta iso a tsayin kusan mita 2.6. Ma'ana, ƙwallon da za ta tafi a miƙe sak ta haye raga ta faɗa cikin gida, wato akwatin da ke tsakanin raga da layin sabis, dole a buge ta daga wannan tsayin ko sama da shi. Mutum mai tsayin mita 1.75, in ya miƙe hannu da raket mai tsawon santimita 68.5, tsakiyar zarensa tana kaiwa wajen mita 2.7 ne kawai, sai fa in ya yi tsalle. Nauyin ƙwallon da juyin da aka sa mata su ne ke lanƙwaso ta ƙasa su ɗan faɗaɗa ƙofar. To in cillawar ta gaza da santimita 20, aka buga da gwiwar hannu a lanƙwashe, ƙofar ta rufe ke nan, kome ƙarfin damtse. Isner mita 2.08 ne, shi ƙofarsa a wangale take, kada yaro mai matsakaicin tsayi ya ce zai kwaikwaye shi.

Riƙon raket ba zan daɗe a kansa ba, amma in ba a gyara shi ba sauran maganar banza ce. Ƙotar raket fuska takwas gare ta. Tsayar da raket da gefensa, zaren yana kallon hagu da dama. Fuskar sama ita ce ta ɗaya, mai bi mata ta dama ta biyu, kuma a kan ta biyun gaɓar gindin manuniya za ta zauna. Riƙon gatari ke nan. Sabon shiga yakan riƙe shi kamar zai kashe ƙuda, fuskar raket tana kallon gaba, kuma in ya kai shi baya sai zaren ya kalli sama kamar 'yar talla ta ɗaga faranti. Da wannan riƙon ƙwallo takan shiga a satin farko, shi ya sa yake yaudarar mutane, amma ba ya ba da juyi ko kaɗan. Da riƙon gatari raket yakan taso da gefensa kamar zai sari ƙwallon, a daidai haɗuwa hannu ya murɗa waje ya buɗe fuskar, babban yatsa ya ƙare yana kallon ƙasa. Tsayuwa kuwa iri biyu ce, kowace tana da manyanta. Akwai masu barin ƙafafu a ware har su tashi, irin Federer da Sampras, akwai masu jawo ƙafar baya ta haɗu da ta gaba, irin Isner. Ga mai koyo na fi son ta farko, don kawai abin da ke motsi ya ragu yayin da ƙwallo ke sama, kuma ba a cika taka layi ba.

Yanzu ga hannun hagu. Kalmar cillawa ma tana ɓad da mutane, saboda tana sa su fizgi ƙwallon. Nauyinta gram 56 zuwa 59 ne da 'yan kai, ba ta buƙatar ƙarfi. Ka ɗauka finjali ne cike da gahawa za ka miƙa wa wani da ke kan soro, ba ka so ko ɗigo ya zuba. Ƙwallon ta zauna a kan gaɓoɓin yatsu, babban yatsa ya ɗan dafe ta daga sama, kada ta kwanta a tafin hannu, domin daga tafi sai ta gangaro ta kan yatsu ta fita tana juyawa, kuma yatsan da ya sake ta a ƙarshe shi zai zaɓa mata hanya. Wasu tafinsu na kallon sama, wasu suna juya hannun a kaikaice daidai riƙon finjalin. Wanda wuyan hannunsa ke yawan fizga, riƙon kaikaicen ya fi masa, don a haka wuyan hannun ba ya iya lanƙwashewa sama. Ƙwallo ɗaya tak za a riƙe, ta biyu a aljihu. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a kalli tambarin da ke jikin ƙwallon tana sama: in kana iya karanta shi, sakin ya yi kyau, in ya zama wani baƙin zobe mai juyawa, yatsu sun yi aikin da ba nasu ba.

Daga kafaɗa ake ɗagawa. Gwiwar hannu a miƙe, wuyan hannu a kulle, hannun ya fara daga wajen cinyar hagu ya tashi a hankali da gudu ɗaya, a buɗe yatsu gaba ɗaya sa'ad da hannun ya kai tsakanin ido da goshi. Wannan wurin sakin shi ne inda gizo ke saƙa. Hannu miƙaƙƙe da'ira yake zanawa, don haka in ka saki da wuri, a daidai ƙirji, ƙwallon gaba za ta yi ta bar ka, ka bi ta kana faɗuwa, ta ƙare a raga. In ka makara har hannun ya wuce kai, baya za ta koma, ka gantsare kana nemanta, ta tashi ta wuce layin sabis. Lanƙwasa gwiwar hannu ma baya yake kai ta. Bayan saki kada hannun ya faɗo. Ya ci gaba da tashi har ya miƙe yana nuna ƙwallon, kafaɗar hagu ta yi sama, ta dama ta yi ƙasa. Da yawa suna sauke hannun da zarar ƙwallon ta fita, sai kai ya bi shi ƙasa, ƙirji ya buɗe kafin lokaci, shi ke nan an ja ƙwallo raga. Sai kuma inda hannun ke fuskanta. Mai koyo ya ɗaga shi wajen sandar raga ta dama, wato a karkace tsakanin raga da layin baya. Ƙwararru sukan juya kafaɗa sosai har hannun ya kusa bin layin baya, ƙwallon ta fita daga dama ta yi baka zuwa hagu. Wannan yana ƙara murɗa jiki, amma ƙwallo mai tafiya a gefe ta fi wuyar riska, kuma ba da ita ake farawa ba.

Tsayin cillawa shi ne abin da masu koyarwa suka fi saɓani a kai, kuma lissafi kaɗan zai taimaka. Ƙwallon da ta wuce wurin bugu da santimita 15 takan dawo wurin da gudun kusan mita 1.7 a daƙiƙa. Wadda ta wuce da rabin mita, 3.1. Wadda ta wuce da mita guda, 4.4. Ke nan mai cilla mita guda yana da ƙasa da rabin lokacin da mai cilla santimita 15 yake da shi don ya same ta a daidai wurin. Ƙari a kan haka, tasa takan yi kusan daƙiƙa ɗaya tana shawagi sama da wurin bugun, iska tana wasa da ita, shi kuma ya tsaya cik da raket a bayan kai yana jira, ƙarfin da ya tara a gwiwoyi yana tsiyayewa. Amma gajeriyar ma tana da kuɗinta: dole hannun raket ya riga ya hau, jiki duka ya yi sauri, in ba haka ba a buga a takure. An ga manya a kowane ɓangare. Roscoe Tanner da Goran Ivanisevic kusan tun ƙwallo ba ta gama tashi ba suke bugunta, Steffi Graf kuwa takan aika ta can ƙololuwa ta jira, kuma ta ci manyan kofuna 22 a haka. Doguwar ma tana da ɗan amfani, don ƙwallo mai saukowa in ta gogi zare mai tashi takan ƙara juyin gaba. Ni dai a ganina, ga yawancin masu wasa a filayenmu na waje, santimita 30 zuwa 50 sama da bakin raket in an miƙe shi ya wadatar. A zaɓi tsayin da ya dace da saurin jikin mutum, kada a ce sai an sauya jikin don ya dace da tsayin.

To, a ina za a ajiye ta? Masu koyarwa suna kwatantawa da fuskar agogo da ke tsaye a gaban mai bugu, ƙarfe 12 daidai saman kansa. Miƙaƙƙen sabis, mai gudu ba juyi sosai, wurinsa tsakanin 12 da rabi da ƙarfe 1, wato saman kafaɗar dama, kuma cikin fili da kamar santimita 30 zuwa 50, yadda in an bar ta za ta faɗi a gaban ƙafar hagu ta ɗan dama. Shigar da ita cikin fili shi ke ba jiki damar zubowa gaba, mai bugu ya sauka da ƙafar hagu a cikin layi. Kusan rabin ƙarfin sabis daga ƙafafu da gangar jiki yake fitowa, kuma ƙwallon da aka cilla daidai saman kai ba ta barin wannan ƙarfin ya bi ta. An fi aika miƙaƙƙen ta tsakiya, inda raga ta fi gajarta.

Mai yankan gefe yana son ƙwallon ta ƙara matsawa dama kaɗan, tsakanin ƙarfe 1 da 2, zaren ya goge ta ta gefen dama, ta tafi tana karkata hagun mai bugu, bayan ta faɗi ta zame ƙasa-ƙasa ta ja abokin karawa waje da fili. Daga ɓangaren dama ya fi cizo ga mai bugu da dama. Bahago kuwa daga ɓangaren hagu yake samun wannan, inda mafi yawan makin da ke yanke wasa ke faɗowa, kuma da shi Nadal ya daɗe yana wahalar da mutane. Kuskuren da aka saba shi ne a kai ƙwallon har ƙarfe 3, a zagaye ta da hannu kamar mai yankan ciyawa da lauje. Juyi zai samu, amma wurin bugun ya sauko, gudu ya tafi, kuma duk wanda ke ɗaya gefen ya riga ya san inda za ta.

Sabis mai tsalle, wanda yawancin ƙwararrun maza ke dogara da shi a bugu na biyu, wato damar da ake samu in sabis na farko bai shiga ba, shi ne ya fi buƙatar bayani, kuma shi ya fi jawo ciwo in an koye shi ba daidai ba. Ana ajiye ƙwallon tsakanin ƙarfe 11 da 12, ba ta shiga fili sosai ba, yadda in an bar ta za ta sauka a kan goshi ko kafaɗar hagu. Ana barinta ta ɗan ƙara saukowa fiye da ta miƙaƙƙen, saboda dole raket ya same ta yana kan tashi. In hannu ya riga ya miƙe ƙarshe, ba sauran inda zai goga. Zaren yana shafar bayanta daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 1, ƙirji ya ci gaba da kallon gefe, hannun ya fita wajen dama kusan bin layin baya. Ƙwallon takan haye raga da rata mai yawa, ta nutso cikin gida, ta yi tsalle sama da dama har kafaɗar mai karɓa. Stefan Edberg da Patrick Rafter da irinsa suke samun lokacin rugawa gaban raga. Inda ake ɓata shi: a gaya wa yaro ya cilla bayan kansa ya gantsare. Lanƙwasar daga gwiwoyi take zuwa, ƙugu ya turo gaba, gadon baya ya zauna kusan a miƙe. Yaron da ke girma in ya yi ta gantsarewa yana murɗawa sau ɗari a rana, ƙashin ƙasan bayansa na iya tsagewa a hankali, ciwon da ya zama sananne a tsakanin matasan 'yan tanis. Duk yaron da ya ce bayansa na ciwo a gefe ɗaya in ya gantsare, a tsayar da sabis a kai shi wurin likita, kada a ce masa gajiya ce.

Bayan na lissafa wurare uku, ga abin da nake so a riƙe: tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce, kuma gwani ƙoƙarin share ta yake yi. Sabis mai gudun kilomita 200 yakan iso wurin mai karɓa cikin rabin daƙiƙa da ɗoriya, don haka ba ƙwallon yake jira ba, cillawar yake karantawa. In ta yi dama ya matsa waje, in ta yi hagu ya ja baya ya jira tsalle. An san Sampras da Federer da buga kowane lungu daga cillawa kusan guda. Gyaran yana cikin kusurwar zare da juyin kafaɗa, a lokacin da ya yi wa mai karɓa latti. Har Andre Agassi ya taɓa faɗa cewa daga inda Boris Becker ke karkata harshensa yake gane inda sabis zai tafi, ka ga ke nan abin da idon mai karɓa ke tsinta. Shawarata ga mai koyo: cillawa ɗaya, wajen 12 da rabi, har ta zauna. Daga nan miƙaƙƙe da mai yanka duk suna fita. Ta biyu, mai ɗan matsawa hagu don tsalle, sai bayan ta farko ta daina yawo. Wanda ƙwallonsa ke warwatsuwa da faɗin mita guda ba shi da cillawa uku, ba shi da ko ɗaya.

Sai yanayin ƙasar nan, wanda littattafan koyarwa ba su cika kula da shi ba. A Jidda iska yawanci daga arewa ko arewa maso yamma take kaɗawa, kuma takan ƙaru da la'asar. In tana bayanka za ta tura ƙwallon gaba, ta kuma tsawaita sabis ɗin, sai ka rage shigar da ita fili ka ƙara juyi. In tana gabanka za ta dawo da ita saman kanka, sai ka ƙara tura ta gaba, kuma nan ne za ka iya sakin hannu ka yi bugu mai ƙarfi. Ko ta ina take, rage tsayin da kamar tafin hannu ɗaya ko biyu. Laimar bakin teku kuwa takan jiƙa yatsu, ƙwallon ta sha gumi a aljihu ta yi nauyi, gashinta ya tashi. A ɗaura abin tsane gumi a wuyan hannun hagu ma, ba na dama kaɗai ba, a goge yatsu kafin kowane sabis. A Riyad iska busasshiya ce, zafi yana ƙara matsin da ke cikin ƙwallon, takan yi gudu da tsalle fiye da yadda aka saba. Wanda ya hau Ɗa'if ko Abha zai ga abin ya ninka, domin garuruwan sun haura mita 1,219 daga matakin teku, iyakar da dokar tanis ta amince a yi amfani da ƙwallon tudu ta musamman. Iskar can ba ta da kauri, juyi ba ya lanƙwaso ƙwallo sosai, sabis ɗin da ke shiga a Jidda sai ya wuce layi. Rana ma tana da nata. Kowa a Makka ya san takan tsaya daidai saman Ka'aba a ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuli, wato a watannin nan da tsakar rana tana zaune ne daidai inda ake ajiye ƙwallo, ko da yake mai hankali ba ya shiga fili a lokacin. Wasanmu na dare ne, bayan isha'i, da azumi kuma bayan tarawihi, don haka fitilun fili su ne ranarmu. In fitila ta faɗo a hanyar ƙwallon, matsa taku ɗaya ko biyu a kan layin baya, ko ka ɗan ƙara juya kafaɗa. Sauya wurin tsayuwa ya fi sauya cillawa araha.

Akwai wata doka da jahiltarta ke cinye maki a banza. In ka cilla ƙwallo ba ta yi maka ba, kana da damar cafe ta ko ka bar ta ta faɗi, ba kuskure ba ne muddin ba ka kai mata bugu ba. Kai bugu ka kuskure ta shi ne laifi. Ɗaga hannu ka ce afuwan, ka sake. A gasar ƙwararru akwai agogon daƙiƙa 25 tsakanin maki, kuma yawan cafewa yana gundurar abokin wasa, amma kunyar cafewa sau ɗaya ba ta kai asarar maki ba. Haka nan sabis daga ƙasa halal ne a doka. Michael Chang ya yi wa Ivan Lendl shi a gasar Faransa ta 1989 lokacin da ƙafafunsa suka ɗaure.

Ga atisayen da ke aiki, kuma ba ya cin ko riyal ɗaya. Ajiye raket a ƙasa, gindin ƙotar a bakin yatsun ƙafar hagu, kansa yana nuna cikin fili ta ɗan dama. Cilla sau 20, ka bar ƙwallon ta faɗi, ka ƙirga nawa suka sauka a kan zaren ko suka taɓa bakinsa. Wanda bai kai 10 ba kada ya yi zancen gudu tukuna. 15 shi ne abin nema. Don tsayi, tsaya a jikin wayar da ta kewaye fili, miƙa raket iya tsawonka, ka cusa tsohuwar ƙwallo a wayar kamar tafi biyu sama da bakinsa, ka riƙa kai taka daidai ita; wayar za ta kuma tona maka asiri in ƙwallon na kaucewa gaba ko baya. A gida ma kusurwar bango a tsakar gida ta isa. Sai dai a kula da abu ɗaya da ake yawan mantawa: cillawar da aka yi a tsaye ƙiƙam daban take da ta cikin sabis. Mutum zai ci 18 cikin 20 yana tsaye, da ya haɗa da lanƙwasa gwiwa da ɗaga hannun dama sai ta watse, saboda jikinsa na rangaji a daidai lokacin saki. Don haka a yi atisayen da wani raket a hannun dama, a kai har inda gwiwoyi suka lanƙwashe hannun hagu ya miƙe, a daskare a nan. A saki ƙwallon tukuna sannan gwiwoyi su nutsa. Wanda ya nutsa yana cikin ɗagawa ya ja ta ƙasa, wanda ya miƙe yana cikin ɗagawa ya harba ta sama. Don mai tsalle, a durƙusa da gwiwar dama a layin sabis, a riƙe raket a tsakiyar ƙota, a yi ta goga ƙwallon sama ta haye raga da baka. Kuma a jingina waya a baya daidai alamar tsakiya a ɗauki bidiyon sabis 10, domin abin da mutum ke ji yana yi da abin da yake yi sukan sha bamban.

In wasa ya yi zafi, hannun hagu ne ke fara nuna tsoro. Yakan gajarta, ya yi sauri, ya saki da wuri. Maganinsa tsari ɗaya da ba ya canzawa: buga ƙwallo a ƙasa adadi ɗaya kullum, fitar da numfashi, zaɓi inda za ka aika kafin hannu ya motsa, sannan ka ɗaga a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so. Kada kuma a ɗauka duk ɓacin sabis na zuciya ne. Sabalenka ta yi tagwayen kuskure, wato ɓata sabis na farko da na biyu a maki ɗaya, sama da 400 a 2022, ana ta cewa fargaba ce, sai da ta nemi masanin motsin jiki Gavin MacMillan aka warware sabis ɗin aka sake ɗinka shi, a Janairun 2023 ta ci gasar Ostareliya. Gauff ma shi ta nema a 2025 kan matsala irin wannan.

Iyaye masu kai ƙananan yara fili, a nema musu ƙwallon da ta dace da su: ja ga 'yan farawa a fili mai tsawon mita 11, ruwan lemo a na mita 18, kore a cikakken fili, da gajeren raket. Yaro ɗan shekara 7 da aka ba raket ɗin babansa da ƙwallon manya ba yadda zai yi sai riƙon kashe ƙuda, kuma cire masa shi yana ɗan 15 aiki ne ja. A bar su su yi ta jifan ƙwallo sama da nisa da hannun dama, su yi ta miƙa finjali da na hagu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in wakilinku zai kawo rahoton wata gasa daga Jidda ko Riyad, ya haɗa mana da kashi nawa na sabis ɗin farko ya shiga, da maki nawa aka ci a kan na biyu, da yawan tagwayen kuskure. Duk suna cikin takardar alƙaluman da ake fitarwa bayan wasa. In kuma za a sa hoto, a samo wanda aka ɗauka daga bayan mai bugu, hannun hagu a miƙe, ƙwallo tana sama.

Wassalam.

Naka,
Wani mai koyar da tanis,
Jidda, Saudiyya.